Kwana Tara Saboda Hoton Bene

A cikin danginmu akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, kuma na san ta iso kunnuwanku ko da ba ku taɓa tambayata ba. Wai shekarar da yunwa ta fi tsanani an aike ni Ikko neman mafita, na zauna ina kallon gari, na komo ba hatsi ba alheri sai takardar hoto. Wanda ya fara faɗin haka yayana ne, Nomau, kuma cikin ɓacin rai ya faɗa, ni ma ban tanka mashi ba. Yanzu ya riga mu, Allah ya jiƙan shi, ni kuma ƙarfi ya yi nisa. Ina son ku ji yadda abin ya kasance daga bakin wanda ya yi tafiyar.

Damina biyu a jere sunka ci amanarmu. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, sa'an nan ya ƙone a tsaye. Gulbi ya ƙafe tun sanyi bai wuce ba, rijiyar ƙauyenmu da ke gefen Kamarawa kuwa kullum sai an ƙara ma guga igiya. Buzaye da Fulani suna gangarowa daga arewa da ragowar dabbobinsu, ranar kasuwar Isa sai ka ga saniya ana tayinta kamar akuya, ba mai ɗagawa ya dube ta. Mata suna fita daji tsinkar anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. A gidanmu akwai Baba, wato Malam Arzika, da Inna Kulu, da Nomau da matarshi da 'ya'yansu huɗu, sai ni da mahaifiyarku Hajo da ɗiyarmu ta fari, Saratu, yayarku da ba ku sani ba. Tana cikin shekararta ta biyu, ta fara gudu ke nan, in ta gudu sai ta waiwayo ta ga ko ana biye da ita.

Baba a ƙuruciyarshi bafatake ne. Yana tara jar fatar akuya daga Isa da Sabon Birni, ya ɗora a jakuna zuwa Ƙauran Namoda, ya shiga jirgin ƙasa har Ikko, ya komo da goro. Mai masaukinshi a can wani Banufe ne, Alhaji Badamasi, mai gida da doguwar baranda da ɗakunan baƙi jere, maƙwabcin wani ɗan masallaci da Baba ke alfaharin da kanshi ya ɗauki yashin gina matakalarshi. Wata rana ɗan Alhajin ya faɗa ruwa a bakin kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, Baba ya tsamo shi. Tun daga nan Alhaji yake ce mashi, duk ranar da ƙasarku ta ƙi ku, ka kwaso iyalinka, gidan nan naka ne. Mun ji wannan labari ya fi a ƙirga. Amma fiye da shekara ashirin ke nan gwiwa ta hana Baba tafiya, ba aike ba wasiƙa.

Wata rana bayan azahar ya kira mu zaure, ni da Nomau, Inna kuma ta tsaya daga bakin ƙofa ta ciki.

“Na yanke shawara,” in ji shi. “Za mu sai da abin da ya rage, mu rufe gida, mu tafi wurin Alhaji Badamasi. In Allah ya sauko da ruwa wata shekara, mu komo.”

Nomau ya ce, “Abin da ni ke faɗi ke nan tun kaka. Yarana huɗu, Baba. Ban iya zama ina kallonsu suna ramewa.”

Ni kuwa na ce ban yarda ba. Na ce wanda ya bar gona shekara guda, wani ke shuka ta, kuma mutum goma sha ɗaya ba su sauka gidan kowa a kan alkawarin da ya tsufa haka. Nomau ya ce tsoro ne ke cina. Munka yi ta ja har Inna ta yi gyaran murya.

“Malam, kafin a kwashe ni da tukwanena, a aika wani ya gano ko mutumen nan na da rai.”

Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya nuna ni.

“Labbo za shi tafi. In na aiki Nomau, ko kango ya tarar za shi ce mani gida ne.”

“In kuma Labbo ya tafi,” in ji Nomau, “ko gida ya tarar za shi ce kango ne.”

Maganar ta zauna mani a ƙirji, da ita na yi tafiya. Inna ta sai da ragonta anka yi mani kuɗin jirgi. Baba ya buɗe akwatinshi ya fito da wata jar fata jemammiya, mai laushi kamar ƙyalle, wadda ya ajiye tun zamanin fataucinshi, ya ce in kai ma Alhaji. Ya kwatanta mani hanya daga tasha, in ƙetare gada, in bi bakin ruwa, in nemi masallaci mai koriyar ƙofa da matakala a waje. Da zan fita Hajo ta riƙo Saratu ta ce jikinta da ɗan zafi. Na taɓa goshinta, na ce haƙori ne, na ce cikin mako biyu ina nan.

Tun daga wajen kogin Neja na fara ganin kore ta tagar jirgi, ina shiga Ikko kuwa ruwa ya tarbe ni. Na tsaya a bakin tasha ina kallon ruwan sama yana gudu a kwalbati yana tafiya banza, mutane suna tsaki suna buɗe laima. Ban san lokacin da na miƙa hannu na tara ba. Kwatancen Baba ya kai ni har bakin ruwa, daga nan ya ƙare, don babu abin da ya yi kama da abin da ya faɗa. Sau uku ina zaga wuri ɗaya. Can na ji kiran sallar la'asar daga wani lungu, na bi muryar, sai ga koriyar ƙofa, ga matakala a waje. Na juya dama inda ya kamata in ga doguwar baranda. Abin da na gani bango ne na gilashi da siminti. Na ɗaga kai ina neman ƙarshenshi har hulata ta faɗi a cikin ruwa. Na fara ƙirga hawa, na kai ashirin na ɓace, na sake, na sake ɓacewa. Kafin ranar, gini mafi tsawo da na sani bai wuce hawa biyu ba.

Bayan salla na zauna da ladanin, wani tsoho Malam Sule, mutumin Zariya da ya tsufa a can. Da na ambaci sunan Baba ya yi ɗan tunani, ya ce, “Bagobirin nan mai fata, wanda ya tsamo yaro?” Na ce shi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sa'an nan ya ba ni labari. Alhaji Badamasi ya rasu shekaru da dama. Magada sun yi yawa, gida bai rabuwa, sai wani kamfani ya zo ya saye shi haɗe da gidaje bakwai na layin. Yaron da anka tsamo ya tafi ƙasar waje karatu, ba a sake jin ɗuriyarshi ba, sauran kowa ya kama gabanshi. Masallacin ma an nema, jama'a sunka ƙi, shi ya sa anka gina benen ya kewaye shi ta gefe biyu. Ya ce da anka fara haƙa tushe ruwa anka tarar, don wurin tsibiri ne, duk yashi, sai anka yi wata da watanni ana buga ƙarafa cikin ƙasa, har bangon masallaci ya tsage, ya nuna mani tsagar. Ya ce yawancin waɗanda sunka ɗauki kwanon siminti a ka mutanenmu ne, 'yan cin rani daga Sakkwato da Maraɗi, kuma da anka gama ba wanda ya sake shiga cikinsu sai mai gadi da mai shara.

“Ɗakin da babanka ke kwana,” in ji shi, “yana wajen inda motocin can ke shiga.”

Malam Sule ya ba ni wuri a shirayin masallaci. Washegari akwai jirgi mai zuwa arewa, kuma aikina ya ƙare. Amma da na zauna ina shirya abin da za ni faɗa a gida, sai na ji muryar Nomau. Ni ne wanda bai son tafiyar tun farko. In na koma na ce Alhaji ya rasu, gida ya zama wani abu mai taɓa gajimare, wa zai yarda? Baba mutum ne da in ya kafe sai ya gani da idonshi. Na san za shi ce na ɓata hanya ne, ko na ji tsoron gari na juyo, sa'an nan ya sai da gona ya kwashe mu duka, mu zo mu zube a bakin wannan gilashi da tsofaffi da jarirai. Na gaya ma Malam Sule damuwata. Ya ce akwai mai hoto a bayan layi, Baba Lasisi, Bayarabe, tun yana saurayi yake ɗaukar unguwar.

Shagon Baba Lasisi ɗan ƙarami ne, yana warin magani. Yana jin Hausa irin ta kasuwa. Na ce mashi ina son hoto guda da zai nuna masallacin da ƙofarshi da matakalarshi, da benen tun daga ƙasa har ƙarshe, da ni kaina a tsaye. Ya yi dariya har da tari.

“Aboki, in na tsaya kusa, kai da masallaci za ku fito, bene ba kai. In na tsaya nesa, bene ya fito, kai ka zama tururuwa. Wanne kake so?”

Na ce duka. Na ba shi labarin Baba da alkawarin da yunwar da ke gida. Ya daina dariya, ya shiga ciki ya yi ta bincike, ya fito da wani tsohon hoto da ya fara ja. Layin ne kamar yadda yake da. Ga masallaci, ga doguwar baranda, ga huhunan goro a jingine, ga wani mai rawani zaune a kujera. Ban taɓa ganin Alhaji Badamasi ba, amma na gane gidan nan take, don a cikinshi na girma ta bakin Baba. Baba Lasisi ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, amma zai wanke mani wani irinshi. Sabon kuwa, sai mun hau rufin wani ɗakin ajiya da ke ƙetaren titi, daidai inda ya tsaya ya ɗauki tsohon, kuma sai da hantsi rana na bayanmu, kuma sai sama ta washe, in ba haka ba kan benen zai narke cikin gajimare. Na buɗe jakata na fito da jar fatar, na ce ba ni da abin biya sai wannan, kyauta ce ga wanda ya rasu. Ya shafa ta, ya shinshina, ya ce ta isa.

Jirgin washegari ya tafi ba ni. Sai ruwa ya kafa. Kwana biyar kullum da safe muna hawa rufin nan, ya kafa kyamararshi a kan ƙafafunta uku, ya lulluɓe ta da leda, mu zauna muna kallon sama. Wani lokaci gajimare ya ɗan yage, ya ce in gudu, in sauka in ƙetare titi in tsaya a bakin koriyar ƙofa, kafin in kai ya sake rufewa. Da rana nakan tafi bakin kwata in yi dako don in samu abin kai wa baki. Ni da na baro mutane suna roƙon ruwa, ga ni ina roƙon Allah ya ɗauke shi na sa'a guda. Na ji kunyar wannan addu'a, amma na yi ta. A kwana na uku na ce ma Baba Lasisi ya ɗauka hakanan, ko ba kan benen. Ya ce, “Babanka zai ce hayaƙi ka kawo mashi. Ka riga ka jira uku.” Na bi maganarshi. Ba wanda ya tilasta ni, ina son ku san wannan.

Rana ta shida gari ya waye tas. Na sa farar rigata, na tsaya a gindin matakala, na ɗaga hannu sama kamar yadda ya umurce ni don a gane mutum ne. Daga can rufi na hango shi ya duƙa, ya ɗago, ya sake duƙawa. Sa'an nan ya sauko ya ɗauki na kusa, ni da Malam Sule a bakin ƙofa, gilashin benen a bayanmu. Wanki ya ci kwana biyu, jiran jirgi ya ci ɗaya. Kwana tara ke nan a kan abin da ya kamata in yi.

Na sauka Ƙauran Namoda na samu motar kasuwa zuwa Isa, daga nan na taka. Da hantsi na shigo ƙauye. Wata maƙwabciyarmu da ke dawowa daga rijiya ta gan ni, ta sauke tulunta ta ce, “Labbo, sai haƙuri.” Ƙyanda ce ta shiga gari bayan tafiyata, ta sami yara ba ƙarfi. Saratu ta yi kwana goma sha biyu tana fama. Kwana uku kafin in iso anka kai ta makwancinta. Na shiga gida na tarar da Hajo zaune a ƙofar ɗaki tana tsince anza. Ta ce mani sannu da zuwa, ta kawo ruwa ta ajiye, ta koma wurin aikinta.

Bayan la'asar Baba ya kira zaure. Na ba da labari kamar yadda na ba ku, na ajiye hotuna uku a kan buzunshi. Baba ba mai son hoto ba ne, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Ya ɗauki tsohon ya kai kusa da ido, ya daɗe.

“Wanga Alhaji ne,” in ji shi. “Ga kujerarshi. Ga tagar ɗakina.”

Ya ɗauki na biyu, ya sa yatsa a kan matakala, ya bi da yatsan zuwa dama, sa'an nan ya yi sama da shi a hankali har ya fita daga takardar. Ya tambaye ni ko mutane ke kwana a ciki. Na ce a'a, aiki kawai ake yi, da yamma a rufe. Ya ce, “Ɗakuna haka, ba baƙo ko ɗaya?” Ya kife hotunan, ya ɗaga hannu ya yi ma Alhaji Badamasi addu'a mai tsawo, munka shafa. Sa'an nan ya ce ba inda za mu, a fara gyaran gona.

Nomau ya miƙe tsaye.

“Ragon Inna ya tafi, fatar Baba ta tafi, ɗiyarka ta tafi ba ka nan, ka komo muna da takarda. Ni dai ban zama.”

Cikin mako ya kwashi iyalinshi ya yi Gusau, inda ya yi dako, daga baya ya kama sana'ar hatsi. Yaranshi huɗu duka sun rayu, kuma ban taɓa cewa ya yi kuskure ba. Mu da munka zauna mun sha wuya har ruwa ya sauka, mun ci dusa, mun ci ganye, Inna ta kwanta ta tashi. Amma gonar da kuke nomawa yau ba ta fita hannunmu ba, Baba kuma ya ƙara shekara shida a ɗakinshi, anka rufe shi kusa da iyayenshi. Ko wanne ya fi, zama ko tafiya, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, da an tafi Ikko, ba a tarar da kowa.

Abin da ya fi tsaya mani shi ne Hajo. Duk daminar nan tana yi mani abinci, tana amsa gaisuwa, amma ba ta duban fuskata, ni ma ban iya duban tata. Sai da gero ya fara nuna, wata rana da rana tsaka ta kawo mani fura gona, furar sabon tumu, ta farko a shekara biyu. Maimakon ta ajiye ta koma, sai ta zauna a inuwar gawo ta ce in ba ta labarin kwana taran nan, kada in tsallake ko ɗaya. Na ba ta, da rufin, da ruwan, da ranar da na so a ɗauka ko ba kan benen, na fasa. Ta saurara har ƙarshe.

“Da ka shiga jirgin farko, da ka tarar da ita?”

Na ce da na tarar da ita.

“Tana ta duban ƙofa,” in ji ta. “Wannan ne ban iya mantawa.”

Iska na kaɗa zangarniya. Can ta share fuskarta da bakin zane, ta jawo ƙwaryar ta dama furar da kanta.

“Da kana nan ma ba ka hana ta tafiya. Malam na nan, Inna na nan, ni ina nan, ba mu hana ba. Ka bar tafiya da kai ƙasa cikin gida, ina ganinka kuma yana ƙara mani. Sha, kada ta tsinke.”

Na karɓa na sha rabi, na miƙa mata sauran, ta shanye. Sa'an nan ta ɗauki lauje ta shiga kunya ta kusa da tawa, munka yi ta yankan ciyawa har la'asar.